Rajistar kotu ba ta jin abin da aka faɗa a zaure

Wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu ce ta aiko da tambaya. Tana son ta rubuta kundinta a kan shari'o'in hul'i, wato mace ta fanshi kanta daga aure da dukiya, a kotunan shari'ar Musulunci na jiharsu. Malamin da ke duba aikinta, masanin doka, ya ce ta tsaya a kan littattafan fiƙihu, dokokin jiha da hukunce-hukuncen kotun ɗaukaka ƙara. Wani malamin kuma, daga sashen nazarin zamantakewa, ya ce mata wannan duk zaman ɗaki ne, ta buga takardar tambayoyi ta raba wa mata 300 ta fitar da alƙaluma. Ta ce ta rasa wanda za ta bi.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a.

Malaman nan naki biyu kowanne tambayarsa daban yake amsawa. Na farko yana son ya san me shari'a ta ce game da hul'i. Na biyu yana son ya san me mata za su ce idan baƙuwa ta tare su da takarda da biro. Ke kuwa, idan na fahimci wasiƙarki, abin da ke ci miki tuwo a ƙwarya shi ne me ke samun matar da ta ce ta gaji da aure, tun daga ranar da ta fara faɗa har ranar da ta samu takardarta ko ta haƙura ta koma. Wannan tambaya ta uku babu ɗaya daga cikin hanyoyin biyu da zai amsa miki ita shi kaɗai.

Rigimar ta girme mu duka. A 1910 wani Ba'amurke masanin doka, Roscoe Pound, ya raba tsakanin dokar da ke cikin littafi da dokar da ke aiki a ƙasa, ya ce tazarar da ke tsakaninsu ita ce abin bincike. A 1913 kuma Eugen Ehrlich, wanda ke koyarwa a yankin Bukobina na daular Ostiriya, inda ƙabilu da addinai da yawa ke zaune wuri guda, ya lura cewa kowace al'umma tana aurenta da rabon gadonta bisa ƙa'idojin da ba su ne ke rubuce a dokar daular ba. Ya kira wannan rayayyiyar doka. Wani masanin doka, Hans Kelsen, ya taso masa, ya ce ya cakuɗa abin da mutane ke yi da abin da ya wajaba su yi, kuma abubuwa biyu ne mabambanta. Malaminki na doka jikan Kelsen ne ko bai sani ba. Kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya: wanda bai san ƙa'ida ba ba zai gane lokacin da aka kauce mata ba.

Saboda haka fara da littafin. Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗa a fili cewa mace tana iya fansar kanta da sadakinta, ko abin da ya gaza shi, ko abin da ya fi shi, matuƙar ba cutar da ita ake yi ba. Idan kuwa cuta ce ta kore ta, sakin ya tabbata kuma a mayar mata da abin da ta bayar. Muhtasar na Halil ya ƙara da cewa ko shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta, tana iya tabbatar da cutar. Ki riƙe wannan da kyau, domin duk bincikenki a kansa zai rataya. Ki kuma san i'izari, wato damar ƙarshe da alƙali ke ba mutum ya kawo hujja kafin hukunci, da tazkiyyar shaidu, wato tabbatar da adalcinsu, da batun masu sulhu biyu da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ambata. In ba haka ba za ki zauna a kotu wata shida kina jin magana tana wuce ki kamar ruwa a bayan agwagwa.

Inda zan saɓa wa malaminki shi ne tsayawa a hukuncin ɗaukaka ƙara. Wace mace ce ke kai ƙararta can? Wadda ke da kuɗin mota zuwa babban birnin jiha, da kuɗin lauya, da ɗan'uwan da zai tsaya mata, da zuciyar jira. Ko kuma mijin da ya lashi takobin sai ya wahalar da ita. Waɗannan ba su ne yawancin mata ba. Mun ga irin wannan ruɗu a farkon shekarun 2000, lokacin da duniya ta san kotunanmu ta hanyar shari'o'i biyu: ta Safiya Husaini, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallama a Maris 2002, da ta Amina Lawal, wadda ta Katsina ta sallama a Satumba 2003. An yi rubutu mai yawa a kansu, wasu masu kyau. Amma duk wanda ya yi sati guda a bencin ƙaramar kotu ya san abin da alƙali ke yini a kai: aure, ciyarwa, riƙon yara, bashi, gado, iyakar gona.

Kai, ko ƙaramar kotun ma ƙarshen hanya ce. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike uku, Felstiner da Abel da Sarat, suka nuna cewa kafin damuwa ta zama ƙara sai mutum ya fara gane cewa cuta ce, sannan ya ɗora wa wani laifin, sannan ya nemi haƙƙinsa, kuma a kowane mataki mafi yawan mutane suna zubewa. Ki auna da namu. Mace ta sha haƙuri, uwa ta ce mata zaman aure ibada ne. Ta yi yaji, an zo biko, ta koma. Ta sake fita, waliyyi ya kira miji zaure. An je wurin mai unguwa ko limami, a wasu jihohin an je Hisba. Sai wadda duk waɗannan suka gaza a kanta ce ke yanko sammaci. Idan kika ƙirga waɗanda suka zo kotu kika ce ga halin matan garin, kin zama kamar wanda ya tsaya a ƙofar asibiti ya ce duk garin majinyata ne.

Yanzu ga wurin da na fi so ki daɗe: littafin da ake rubuta shari'a a ciki.

Shekarun baya na zauna a wata kotu da ba zan ambaci garinta ba. Wata mata ta tashi ta yi bayani mai tsawo, ta kawo batun duka, da watannin da ya yi ba cefane, da zagin iyayenta. Alƙali ya tambaye ta shaidu. Ta ce maƙwabta sun sani amma ba wanda zai zo, domin gidan haya ne kuma mai gidan abokin mijin ne. Aka ɗaga shari'a. A zama na gaba sai ga wanta ya zo da ita, suka ce sun yarda su mayar da sadaki a raba auren. Da na samu izinin duba rubutun, abin da na tarar bai wuce layi kaɗan ba: mai ƙara ta nemi hul'i, wanda ake ƙara ya amince, an yanke kaza. Ba wanda ya yi ƙarya. Magatakarda ya rubuta abin da hukunci ya ginu a kai, aikinsa ke nan. Amma mai binciken da zai zo bayan shekara goma ya buɗe wannan shafi zai saka matar a layin waɗanda suka fita don ƙiyayya kawai, alhali a fiƙihu tana cikin waɗanda bai kamata su biya ko sisi ba. Ta sayi lokaci ne da kuɗi, domin yin hul'i ya fi sauri a kan tsayawa tabbatar da cuta. Wannan abu, in kika tabbatar yana maimaituwa, shi kaɗai kundi ne. Kuma ba za ki gan shi a fiƙihu ba, ba za ki gan shi a rajista ba, ba za ki gan shi a takardar tambayoyi ba. Sai kin ajiye ukun kusa da juna, kunnenki kuma yana cikin ɗakin shari'a.

Ba ina rage darajar rajista ba ne. Allan Christelow ya fassara rubutattun hukunce-hukuncen majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, kuma daga gajerun bayanan nan an fahimci abubuwa da yawa game da gona da bauta da kisan kai a farkon mulkin Turawa. Rubutu ne kaɗai ke kai ki zamanin da masu shi suka riga mu gidan gaskiya. Sai dai ki riƙa tambayarsa wa ya rubuta shi, da wane harshe, don wa ya karanta. Rubutun da alƙali ya san jami'in Bature zai duba ba ɗaya yake da wanda ba mai dubawa ba. Ki kuma kula da cewa kotun kanta ta sha canza riga. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisa da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, abin da ya tayar da muhawarar da ta kai ga dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, da ta fara aiki a 1960. A 1967 zuwa 1968 aka ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnati, aka rufe kotunan sarakuna. Daga 2000, bayan Zamfara ta buɗe hanya, jihohi 12 suka sake fasali. Wanda ya jera adadin shari'o'in 1955 da na 1985 da na 2015 a layi ɗaya ya ce ga yadda mutuwar aure ke ƙaruwa, bai lura cewa mudun da yake awo da shi ya canza sau uku ba.

Sai batun kalmomi, wanda a kansa aka yi ɗaya daga cikin sanannun jayayya a wannan fage, kuma rabinta a ƙasarmu aka yi ta. Max Gluckman ya zauna a kotunan Lozi, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, ya fitar da aikinsa a 1955. Ya ce alƙalansu suna auna mutum da abin da mai hankali zai yi a matsayinsa, kamar yadda alƙalan Ingila ke yi, don haka ana iya bayyana shari'arsu da kalmomin dokar Turai. Paul Bohannan ya zauna cikin Tibi a Binuwai, ya fitar da nasa a 1957, ya ce a'a. Ya ce kalmar jir ta Tibi ba ta yi daidai da abin da Bature ke nufi da kotu ba, kuma duk wanda ya fassara ta haka ya riga ya shigo da tunanin Ingila ta bayan gida. A bar kalmomin mutane yadda suke, a bayyana su daga ciki. Gluckman ya mayar da martani cewa in haka ne ba za a taɓa kwatanta al'umma biyu ba, kowa zai zauna da ƙamus ɗinsa.

Ke wannan ba labarin nesa ba ne a wurinki. Za ki rubuta kundinki da Turanci, kuma Turanci zai miƙo miki kalma ɗaya ko biyu ya ce ki zuba komai a ciki: sadaki, kuɗin na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, lefe, toshi. Alhali faɗan da ake yi a gaban alƙali sau da yawa a kan wannan bambancin ne. Miji ya zo da jerin duk abin da ya kashe tun daga ranar da ya fara zuwa zance, ita kuma ta ce sadaki kaɗai ta sani, kayan lefe kuwa sun tsufa a jikinta a gidansa. Idan kika haɗe su a kalma ɗaya kin share shari'ar. Namu ma ya fi na Bohannan sarƙaƙiya, domin hawa uku ne: matar ta yi magana da Hausar gida, alƙali ya juya ta zuwa istilahin fiƙihu, in an kai kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a sake juya ta zuwa Turanci. A kowane hawa wani abu yana zubewa. Ra'ayina shi ne ki zama Bohannan a lokacin tattara bayani, ki rubuta abin da aka faɗa da kalmar da aka faɗe shi, ko da "ya maishe ni bora" ne ko "ba ya sauke haƙƙina". In kin zo babin nazari sai ki ara wa Gluckman kujera, ki kwatanta da abin da aka gani a wasu wurare, amma mai karatu ya riga ya ga kalmar asali.

Akwai wani rami da aka haƙa musamman domin masu nazarin kotunan Musulunci. Max Weber, Bajamushe masanin zamantakewa, ya yi amfani da sunan alƙali ya zama lakabin shari'ar da ba ta da tsayayyar ƙa'ida, wadda mai hukunci ke yankewa yadda ya ga dama. Daga baya Lawrence Rosen, wanda ya zauna a kotun garin Sefru a Maroko, ya ce akwai tsari, amma tsarin yana cikin al'adar mutanen da yadda suke daidaitawa a tsakaninsu. David Powers, wanda ya bi tsofaffin fatawoyi da hukunce-hukuncen Malikiyya, ya nuna alƙalan suna kafa hujja da nassi da tsantseni. Kowannensu ya ga abin da hanyarsa ta nuna masa: mai zama a benci ya ga ciniki da sulhu, mai karanta takarda ya ga hujja. Kada ki shiga kotu da niyyar kama alƙali yana saɓa wa littafi, kada kuma ki shiga da niyyar wanke shi. Idan kika ga ya matsa wa mace ta karɓi hul'i, tambaye shi dalili bayan an tashi. Wataƙila ya ce miki ya san shaidun ba za su zo ba, kuma barinta tana zarya wata takwas ba aure ba saki ya fi mayar da sadaki cuta. Kina iya ƙin yarda da shi. Amma wannan ma tunanin shari'a ne, kuma ba a rubuta shi a ko'ina ba.

Takardar tambayoyi kuwa, ba na ƙinta, amma ba a nan ba. Wace mace ce za ta gaya wa baƙuwa a tsaye cewa matsalar ta shimfiɗa ce? Za ta ce rashin jituwa, ki rubuta rashin jituwa, kwamfuta ta ba ki kashi kaza cikin ɗari, ki ɗauka kin gano wani abu. In kina son lissafi, kuma ya kamata ki so shi, ki ƙirga abin da ke ƙirguwa daga fayilolin kotu: sau nawa aka ɗaga kowace shari'a, kwana nawa daga sammaci zuwa hukunci, nawa aka yanke idan aka kwatanta da sadakin, wa ya zo da lauya, wa ya raka ta. Ki ɗauki kotu biyu ko uku, a samu ta birni da ta ƙauye, ki ɗauki fayil na goma-goma a jere don kada hannunki ya riƙa zaɓo masu daɗin labari. Inda fayil ya ɓace ko ruwa ya ci, ki faɗa. Marc Galanter ya yi bayani a 1974 cewa wanda ya saba shiga kotu yana rinjayar wanda ya zo sau ɗaya a rayuwarsa, ko da doka ba ta nuna bambanci ba, domin ya san mutane, ya san lokacin da jinkiri ke yi masa amfani. Shi kamfanoni da hukumomi ya fi nufi. Ke ki duba ko mijin da ya taɓa sakin mata uku ya fi yarinyar da ba ta taɓa ganin alƙali ba sanin yadda ake ƙin karɓar sammaci.

Ranar kare kundi wani zai tambaye ki ko abin da mai unguwa ke yi a zaure doka ne. Masu ra'ayin cewa dokoki da yawa na zaune a ƙasa ɗaya, irin su John Griffiths a 1986, za su ce e. Brian Tamanaha ya soke su a 1993 cewa in an kira kowace ƙa'idar zaman tare doka, kalmar ta tashi daga aiki. Kada ki ɓata babi a nan. Ki faɗi abin da kowane wuri ke iya tilastawa da abin da ba ya iyawa: mai unguwa yana da kunyar da mutane ke ji tasa, alƙali yana da ɗan sanda da gidan yari. Wannan ya wadatar.

Abin da ya fi damuna da ke shi ne kasancewarki 'yar gida. Zai buɗe miki ƙofofin da ba za su buɗe wa baƙo ba, musamman ɗakunan mata. Amma ido ba ya ganin abin da ya saba da shi. Za ki ga wa ya yi magana a madadin ƙanwarsa ki wuce, domin haka kika taso kina gani, alhali tambayar wa ke magana da bakin wa tana cikin zuciyar aikinki. Maganinsa shi ne ki rubuta komai a makonnin farko, har abin da kike ganin shirme ne: wa ya zauna a ina, wa ya durƙusa, wa aka katse. Kuma in wata ƙungiya ta ba ki tallafi, ki lura kada ta ba ki har da sakamakon. Masu neman a gyara doka suna son labarin da ya dace da gyaran da suka riga suka rubuta.

Ki nemi izini a rubuce daga ofishin alƙalin alƙalai kafin ki taka kowace kotu, ki gaida magatakarda kamar yadda za ki gaida alƙali, domin mabuɗin kabad yana hannunsa. Ki gaya wa kowace mace a fili cewa ke ba ma'aikaciyar kotu ba ce kuma ba za ki iya sa baki a shari'arta ba, in ba haka ba za ta ba ki labarin da take ganin zai taimake ta. Ki canza sunaye, ki canza unguwa, har da sana'ar miji in za ta tona shi. Garuruwanmu ƙanana ne. Kada ki yi hira a harabar kotu inda dangin miji ke kallo.

Ki kai wa malaminki na doka tsari mai babi na fiƙihu da dokar jiha a gaba, zai samu natsuwa, ɗayan kuma ki nuna masa jadawalin fayiloli. Tsakiyar aikin ki bar wa shari'o'i 15 ko 20 da za ki bi da ƙafarki tun daga zaman farko. Kuma kada ki rufe littafinki ranar da aka yanke hukunci. Ki koma wurin kowace mace bayan wata uku, idan idda ta cika, ki tambaye ta wa ya biya kuɗin, bashi aka ci ko akuya aka sayar, ta kwashe kayan ɗakinta ko suna can, kuma yaran a hannun wa suke kwana.